TARIHI: Maurice Richard, gwarzon wasan ƙanƙara da dakatar da shi ta jawo tarzoma a Kanada

A daren Alhamis, 17 ga Maris, 1955, birnin Montreal na ƙasar Kanada bai runtsa ba. Dubban mutane sun cika titin Sainte-Catherine suna farfasa gilasan shaguna, suna kifar da motoci, suna jifan 'yan sanda da duwatsu da dunƙulen ƙanƙara, har wajen ƙarfe uku na dare. Da gari ya waye aka ƙiyasta asarar da aka yi ta kai dala 100,000, an kwashe kayan shaguna da dama, an kuma kama mutane masu yawa. Abin da ya fito da jama'a kan titi shi ne hukuncin da aka yanke wa ɗan wasa guda ɗaya, wanda aka dakatar da shi kwana ɗaya kafin nan.

Sunan ɗan wasan Maurice Richard, ana yi masa laƙabi da Roka. Ya shafe shekara 18 yana buga wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara a ƙungiya guda, wato Montreal Canadiens, ya ci ƙwallo 544 a wasannin kaka, ya ɗaga Kofin Stanley sau takwas. Da ya rasu a shekarar 2000, gwamnatin lardin Quebec ta yi masa jana'izar ban girma irin wadda a da sai shugabannin siyasa ake yi wa.

Wasan da ƙasar da ya fito

Wasan da Richard ya yi suna a kansa ɗan'uwan ƙwallon gora ne da aka sani a filayen makarantu, sai dai shi a kan daskararren ruwa ake yin sa. 'Yan wasa na sanya takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, wanda ke ba su damar sulɓewa da gudun da ya fi na mai tsere da ƙafa. Maimakon ƙwallo mai mulmula, wani ƙaramin faifan baƙar roba mai tauri ake kora da gora zuwa raga. Kowane ɓangare na da mutum shida a fili har da mai tsaron raga, kuma ana buga wasan ne a zango uku na minti 20 kowane. Doka ta yarda a bangaje abokin hamayya da kafaɗa ko ƙugu, ko a matse shi da katangar fili. A zamanin Richard kuwa kusan babu mai sanya hular kariya, hatta masu tsaron raga da fuska a buɗe suke tare faifan.

A Montreal aka buga wasan farko mai tsari a cikin rufaffen fili a 1875, a nan kuma aka kafa babbar hukumar gasar ƙwararru ta NHL a 1917. Daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida kacal ke cikin gasar: Montreal da Toronto a Kanada, sai Boston, Chicago, Detroit da New York a Amurka. Kofin Stanley, wanda wani Gwamna Janar na Kanada ya bayar a 1892, shi ne babban abin da suke nema kowace shekara.

Sai an fahimci halin da lardin Quebec ke ciki kafin a gane dalilin da ya sa mutum guda ya zama abin da Richard ya zama. Faransawa ne suka fara kafa mulkin mallaka a yankin, kafin Birtaniya ta ƙwace shi da yaƙi, aka tabbatar mata da shi a yarjejeniyar Paris ta 1763. Jikokin waɗancan Faransawa sun ci gaba da zama mafi rinjaye a lardin, suna riƙe da harshensu da ɗarikarsu ta Katolika. Amma bankuna, manyan masana'antu da kamfanonin jirgin ƙasa na hannun tsirarun masu magana da Ingilishi. Mai magana da Faransanci shi ne lebura a masana'anta, mai magana da Ingilishi shi ne shugaban aiki, kuma da Ingilishi ake ba da umarni. An kafa ƙungiyar Canadiens a 1909 domin ta zama ta masu magana da Faransanci, shi ya sa filin wasanta, wanda ake kira Forum, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da talakan Quebec ke ganin ɗansa ya yi gogayya da kowa a idon duniya.

Haihuwa da tasowa

An haifi Joseph Henri Maurice Richard a Montreal ranar 4 ga Agusta, 1921. Shi ne babba a cikin 'ya'ya takwas na Onésime Richard da matarsa Alice Laramée, waɗanda suka taso daga yankin Gaspé da ke gabashin Quebec suka zo birni neman abinci. Mahaifin kafinta ne a kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific. Da matsin tattalin arzikin duniya ya sauka a farkon shekarun 1930, ya rasa aikinsa, gidan ya daɗe cikin ƙunci kafin a sake ɗaukar sa.

Maurice yana ɗan shekara huɗu aka ba shi takalman ƙanƙara na farko. A kan kogin da ke daskarewa kusa da unguwarsu ta Bordeaux, da ɗan filin ƙanƙarar da mahaifinsa ke yi masu a bayan gida, ya koyi sulɓe da riƙe gora. Bai shiga ƙungiya mai tsari ba sai da ya kai shekara 14. Ƙishirwar wasa ta sa ya riƙa buga wa ƙungiyoyi fiye da ɗaya a lokaci guda, abin da doka ta hana, don haka ya ari sunan Maurice Rochon yana fakewa da shi. Yana ɗan shekara 16 ya bar karatun boko ya kama koyon aikin injin sarrafa ƙarfe, domin a lokacin babu wanda ke ganin wasa zai ciyar da shi.

Yaro ne mai shiru, ba ya son yawan magana, kuma da ƙyar yake iya haɗa jimla da Ingilishi. A wannan lokacin ya haɗu da Lucille Norchet, ƙanwar wani abokin wasansa, wadda ya aura a watan Satumba, 1942. Sun haifi 'ya'ya bakwai, sun kuma zauna tare fiye da shekara 50.

Ƙashin da aka ce ba zai jure ba

Farkon tafiyarsa bai nuna alamar ɗaukaka ba. A 1940 aka ɗauke shi a ƙaramar ƙungiyar da Canadiens ke rainon 'yan wasa, amma a wasansa na farko ya karye a idon sawu, kakar ta wuce shi. Da ya dawo a shekara ta gaba sai ya karye a wuyan hannu. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya je ya miƙa kansa domin shiga soja, likitoci suka mayar da shi saboda ƙasusuwan ba su haɗe daidai ba.

Duk da haka babbar ƙungiyar ta ɗauke shi a kakar 1942-43. Ya ci ƙwallonsa ta farko a gasar NHL ranar 8 ga Nuwamba, 1942, a ragar New York Rangers. Bayan wasa 16 kacal sai ya sake karyewa a ƙafa. Jaridu suka fara rubuta cewa jikinsa ba na wannan wasa ba ne, shugabannin ƙungiya ma suka fara tunanin rabuwa da shi.

Ya yi jinya, ya yi atisaye, ya dawo. A daidai lokacin aka haifa masa 'yarsa ta fari, Huguette, wadda nauyinta ya kai fam tara a ma'aunin Turawa. Saboda ita ya nemi a canja masa lambar riga daga 15 zuwa 9. Mai horarwa Dick Irvin ya haɗa shi a sahun gaba da Elmer Lach a tsakiya da Toe Blake a hagu, shi kuma a dama, duk da cewa ta hagu yake riƙe gora. Wannan ya ba shi damar yanko wa daga gefe ya fuskanci raga ta kusurwar da masu tsaron baya ba su saba da ita ba. Wani abokin wasansa, Ray Getliffe, da ya ga yadda yake tunkarar raga a wajen atisaye, shi ya kwatanta shi da roka, sunan kuma ya bi shi har kabari.

A kakar 1943-44 ya ci ƙwallo 32. A wasannin fitar da gwani ya ƙara 12, ciki har da daren 23 ga Maris, 1944, da ya ci wa ƙungiyarsa dukkan ƙwallaye biyar a nasarar 5-1 a kan Toronto. Al'ada ce a zaɓi taurari uku bayan kowane wasa. A daren nan shi aka ba na ɗaya, na biyu da na uku. A wannan shekara Canadiens ta ɗauki Kofin Stanley, karo na farko tun 1931.

Ƙwallo 50 a wasa 50

Kakar 1944-45 ce ta mayar da shi abin labari. Ranar 28 ga Disamba, 1944, ya wuni yana ɗaukar kaya domin iyalinsa sun sauya gida, ya iso fili a gajiye. A daren ya ci ƙwallo biyar, ya kuma taimaka aka ci uku, a wasan da suka lallasa Detroit da ci 9-1. A watan Fabrairu, 1945, ya zarce tarihin ƙwallo 44 a kaka guda da Joe Malone ya kafa tun kakar farko ta gasar. Ranar 18 ga Maris, a wasan ƙarshe na kaka a Boston, ya ci ta 50 a wasa na 50.

Masu suka sun ce yaƙi ya kwashe gwanayen 'yan wasa zuwa fagen daga, don haka ƙwallayen ba su da wuya. Akwai gaskiya a batun ƙarancin 'yan wasa, amma wasu ma sun buga a wannan yanayi ba su kusanci adadin ba. Kuma bayan sojoji sun dawo gida, Richard ya ci 45 a kakar 1946-47, aka ba shi kyautar Hart ta ɗan wasa mafi amfani ga ƙungiyarsa. Sai a 1981, bayan shekara 36, wani ɗan wasa, Mike Bossy, ya maimaita cin 50 a wasa 50 na farkon kaka.

Waɗanda suka fuskance shi sun fi tuna idanunsa, baƙaƙe masu ƙyalli, waɗanda ke kafewa a kan raga idan ya doso ta. Bai shahara da rarraba wa abokan wasa faifai ba, bai kuma fi kowa iya tsaron baya ba. Gwanintarsa na cikin 'yan mitocin ƙarshe kafin raga, inda yakan kutsa ko da mai tsaron baya na rataye a kafaɗarsa.

Ranar 8 ga Afrilu, 1952, a wasa na bakwai na kusa da ƙarshe da Boston, an bangaje shi ya faɗi ya suma, goshinsa ya tsage. Aka fita da shi aka yi masa ɗinki. Ya dawo benci cikin jiri, jini na tsattsafowa ta bandeji. Ana kunnen doki 1-1, saura 'yan mintuna a tashi, ya ɗauki faifan tun daga ɓangarensu, ya ratsa 'yan Boston ya zura shi a raga. Hoton da aka ɗauka bayan wasan, inda yake gaisawa da mai tsaron ragar Boston, Jim Henry, wanda shi ma idanunsa suka kumbura, yana cikin hotunan wasanni mafi shahara a Kanada. Cikin wannan shekara, ranar 8 ga Nuwamba, shekara goma cif bayan ƙwallonsa ta farko, ya ci ta 325, ya zarce Nels Stewart a matsayin wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin gasar.

Zafin zuciya da rikici da hukuma

Abokan hamayya sun gane cewa hanya mafi sauƙi ta tsayar da Richard ita ce a tunzura shi. Suna riƙe masa riga, suna maƙale masa ƙafa da gora, suna zaginsa da kalaman ƙasƙanci da ake jifan masu magana da Faransanci da su. Shi kuwa ba ya haɗiye fushi. Yakan rama nan take, sau da yawa fiye da abin da aka yi masa, sai hukunci ya hau kansa. A tsawon rayuwarsa ta wasa ya shafe minti 1,285 a bencin hukunci.

Shugaban hukumar NHL a lokacin shi ne Clarence Campbell, lauya mai magana da Ingilishi wanda ya yi karatu a Oxford, ya kuma riƙe muƙamin daga 1946 zuwa 1977. Ya ci Richard tara sau da dama. A 1951 ya ci shi dala 500 bayan ya shaƙo wuyan rigar wani alƙalin wasa a zauren wani otal a New York. Richard na da shafi a jaridar Faransanci ta Samedi-Dimanche, kuma a cikinsa ya zargi Campbell da mulkin kama-karya da nuna bambanci ga 'yan wasa masu magana da Faransanci, bayan wani hukunci da aka yi wa abokin wasansa Bernie Geoffrion. Hukumar ta tilasta masa neman afuwa da rufe shafin a 1954. Magoya bayansa sun ɗauki wannan a matsayin toshe bakin ɗansu. A watan Disamba na shekarar, aka sake cin sa tara saboda marin mataimakin alƙalin wasa a Toronto.

Ranar 13 ga Maris, 1955, a Boston, wani mai tsaron baya, Hal Laycoe, ya sare shi da gora a kai, raunin da sai da aka ɗinke. Da Richard ya ga jini, sai ya bi Laycoe ya riƙa dukansa da gora. Mataimakin alƙalin wasa Cliff Thompson ya riƙe shi ta baya, Richard ya kuɓuce ya naushe shi a fuska. 'Yan sandan Boston sun je ɗakin sauya kaya domin kama shi, abokan wasansa suka tare ƙofa.

Ranar 16 ga Maris, bayan sauraron ɓangarori a ofishin hukumar da ke Montreal, Campbell ya dakatar da shi daga wasanni uku da suka rage a kakar da kuma dukkan wasannin neman kofi. A biranen da ke magana da Ingilishi mutane da yawa sun ga hukuncin ya dace, wasu ma na ganin an yi sassauci, tunda wannan ne karo na biyu cikin wata uku da ya taɓa jami'in wasa. A Montreal kuwa an ɗauke shi a matsayin zalunci. Richard ne ke kan gaba a yawan maki a kakar, kambun da bai taɓa samu ba, ƙungiyarsa kuma na kokawar matsayi na ɗaya da Detroit.

Daren tarzoma

An yi ta kiran ofishin Campbell ana yi masa barazanar kisa, an kuma ba shi shawarar kada ya je wasan da za a yi da Detroit washegari. Ya ƙi ji, yana ganin ƙin zuwan zai zama miƙa wuya ga masu barazana. Ya iso Forum bayan an fara wasa, ya zauna a kujerarsa ta kullum. 'Yan kallo suka shiga yi masa ihu, suna jifansa da ƙwai, kayan lambu da takalma. Wani matashi ya miƙa masa hannu kamar zai gaisa, sai ya kai masa mari. Bayan zango na farko, Detroit na gaba da ci 4-1, wani ya fasa gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye kusa da inda yake zaune. Shugaban 'yan kwana-kwana ya ba da umarnin a fitar da kowa, aka ba Detroit wasan.

Jama'ar da suka fito daga fili suka haɗu da dubban da ke zanga-zanga a waje, daga nan al'amari ya fi ƙarfin 'yan sanda. Magajin garin Montreal, Jean Drapeau, ya ɗora laifin a kan Campbell, yana mai cewa zuwansa filin tsokana ce.

Washegari Richard ya yi jawabi ta rediyo da Faransanci da Ingilishi. Ya roƙi jama'a su daina ɓarna, ya ce ya karɓi hukuncinsa, ya nemi su mara wa ƙungiyar baya, ya kuma yi alƙawarin dawowa baɗi domin taimaka mata ta ɗauki kofi. Gari ya lafa. Geoffrion ya wuce shi da maki ɗaya, 75 da 74, ya zama zakaran maki, magoya bayan ƙungiyarsa suka yi masa ihu a gida saboda haka. Canadiens ta kai wasan ƙarshe, Detroit ta doke ta a karawa ta bakwai. Richard bai taɓa samun kambun yawan maki ba har ya yi ritaya.

'Yan kwanaki bayan tarzomar, André Laurendeau na jaridar Le Devoir ya rubuta cewa abin da ya faru ya wuce batun wasa, fushin al'umma ce da ta gaji da raini. Shekara biyar bayan haka, a 1960, Jean Lesage ya hau mulkin Quebec, aka shiga zamanin sauye-sauyen da ake kira juyin juya hali na lumana, inda gwamnatin lardin ta karɓi ragamar ilimi daga hannun coci, ta mayar da kamfanonin lantarki mallakar jama'a, masu magana da Faransanci suka fara hawa manyan muƙaman tattalin arziki. Marubuta da dama na kallon daren 17 ga Maris a matsayin ɗaya daga cikin alamun farko na wannan farkawa. Wasu masana, irin su Benoît Melançon, na ganin daga baya ne aka ɗora wa daren wannan ma'ana, kuma sauyin na da tushe da yawa da ba su shafi wasa ba. Shi kansa Richard ya sha nanata cewa shi ɗan wasa ne kawai, bai kuma taɓa neman zama jagoran siyasa ba.

Cika alƙawari

Bayan kakar 1955, Dick Irvin ya bar ƙungiyar, aka naɗa Toe Blake, tsohon abokin sahun Richard, a matsayin mai horarwa. Blake na jin harsunan biyu, ya kuma san yadda zai kwantar masa da hankali. A shekarar ce ƙaninsa Henri, wanda ya girma da kusan shekara 15, ya shigo ƙungiyar, aka yi masa laƙabi da Rokar Aljihu saboda ƙanƙantar jikinsa.

A 1956 Canadiens ta doke Detroit ta ɗauki kofin, kamar yadda ya yi alƙawari. Aka naɗa shi kyaftin, ƙungiyar ta sake ɗauka a 1957, 1958, 1959 da 1960. Kofi biyar a jere, tarihin da har yau babu ƙungiyar da ta maimaita a gasar. Ranar 19 ga Oktoba, 1957, ya zura wa Glenn Hall na Chicago ƙwallonsa ta 500, ya zama mutum na farko da ya kai wannan adadi.

Daga nan jiki ya fara gajiya. A watan Nuwamba, 1957, ƙarfen takalmin wani ɗan wasa ya yanke masa jijiyar agara. A kakar da ta biyo baya ya karye a idon sawu, a ta bayanta kuma ƙashin kuncinsa ya fashe. Ranar 15 ga Satumba, 1960, yana da shekara 39, ya sanar da ritayarsa. Ya buga wasa 978 na kaka, ya ci 544, ya ƙara 82 a wasannin neman kofi. Ƙungiyar ta jingine lamba 9 yadda babu wanda zai sake sanya ta, a 1961 kuma aka shigar da shi zauren gwarazan wasan ba tare da ya jira shekarun da doka ta tanada ba. Gordie Howe na Detroit, babban abokin hamayyarsa, shi ya zarce adadin ƙwallayensa a 1963.

Rayuwa bayan wasa

Ritaya ba ta zo masa da sauƙi ba. 'Yan wasan zamaninsa ba su tara dukiya irin ta na yau ba. Ƙungiyar ta ba shi muƙamin mataimakin shugaba, amma ya gano suna ne kawai, ba a neman shawararsa a kan komai, don haka ya ajiye a 1965, suka daɗe ba sa ga maciji. Ya sayar da zaren kamun kifi daga gidansa, ya buɗe mashaya, ya yi tallan kayayyaki, har da maganin rina furfura. A 1972 ya karɓi aikin horar da sabuwar ƙungiyar Quebec Nordiques, amma bayan wasa biyu ya sauka, saboda ya kasa jure tsayuwa a gefe yana kallon wasu na wasa. Daga baya ya shirya da Canadiens ya zama jakadanta.

Sunansa kuwa bai dushe ba. A 1967 yana cikin rukunin farko da aka ba lambar girmamawa ta ƙasar Kanada. A 1979 marubuci Roch Carrier ya wallafa wani gajeren labari game da yaron ƙauye a Quebec da shi da abokansa duk ke sanya riga mai lamba 9, labarin da ya shahara har aka buga wani yanki nasa a bayan takardar kuɗi ta dala biyar.

Lucille ta rasu a 1994. Ranar 11 ga Maris, 1996, aka yi bikin rufe filin Forum, aka riƙa kiran tsofaffin gwaraza ɗaya bayan ɗaya. Da aka ambaci sunansa, jama'a suka miƙe suna tafi suna kiran sunansa na tsawon mintuna masu yawa. Ya ɗaga hannu yana roƙon su zauna, suka ƙi, har hawaye suka zubo masa. Mafi yawan waɗanda ke filin a daren ba su taɓa ganin wasansa da idonsu ba, domin shekara 36 ke nan da ya ajiye gora.

A 1998 aka gano yana da sankarar ciki, ga kuma ciwon karkarwar jiki. A 1999 hukumar NHL, wadda ya daɗe yana rikici da ita, ta fara ba da kofi mai sunansa ga wanda ya fi cin ƙwallo a kowace kaka. Ya rasu ranar 27 ga Mayu, 2000, yana da shekara 78. An ajiye gawarsa a sabon filin ƙungiyar, inda mutane sama da 115,000 suka bi layi domin yi masa bankwana. Ranar 31 ga Mayu aka yi jana'izarsa a babban cocin Notre-Dame na Montreal, Firayim Ministan Kanada da Firimiyan Quebec na cikin mahalarta, tsofaffin abokan wasansa, ciki har da ƙaninsa Henri da Elmer Lach, suka raka akwatin gawarsa.